Igiyar Kura da Gonar Bushiya

A gidanmu na Fammar, ɓarar gyaɗa aikin yara ne, kuma kakarmu Iya Dije ta san ba za mu yi mata a banza ba. Da an gama girbi sanyi ya fara shigowa, sai ta hura wuta a tsakar gida bayan sallar isha, ta ajiye mana kwando a gaba, ta biya mu da tatsuniya. Maza suna ƙofar gida da rediyo, suna ta musu a kan Shari'ar da aka ƙaddamar da kuma 'yan siyasa. Ni da ƙanwata Hauwa kuwa, rigimarmu ba ta wuce wa zai zauna kusa da garwashi ba.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake yi. Sai ta zungure ni da kara ta ce, "Kai malalacin mijin nan nawa, hannu a kwando, kunne a wurina. Wadda ta taho yau daga nesa take."

A cikin duk waɗanda ta ba mu, ta kura da bushiya ce ta zauna mini. Wai su biyu suka sare daji suka yi gona. Da aka zo rabo, kura ta ce tunda ta fi ƙarfi, ita kashi biyu, bushiya ɗaya. Bushiya ta yarda. Kura ta ɗauko igiya ta auna wa kanta tsawon igiya biyu, faɗin igiya biyu. Ta auna wa bushiya tsawon igiya ɗaya, faɗin igiya ɗaya. Ta ce, "Biyu da ɗaya. Ko na cuce ki?"

A nan Iya takan tsaya ta dube mu. "To, ta cuce ta?" Mu ce a'a, ai biyu da ɗaya ne. Sai ta yi 'yar dariya ta ci gaba.

Bushiya ba ta yi gardama ba. Da ruwa ya sauka, ita ce mai ajiyar iri, sai ta ɗebi ƙwarya ɗaya, ta miƙa wa kura ƙwarya biyu. Bushiya ta shuka tata tsaf, iri ya ƙare daidai bakin iyaka. Kura ta shuka, ta shuka, tana tsakiyar gona iri ya ƙare. Ta juyo tana huci, wai an yi mata rowa. Bushiya ta ce, "Ranki ya daɗe, ba biyu da ɗaya ba ne? Ko dai gonar taki ce ta fi biyu?"

Sai Iya ta baje toka da tafin hannu, ta zana gonar kura, ta ce Hauwa ta zana ta bushiya a cikinta har ta cika. Hauwa ta zana da ɗan yatsa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na tuna yadda na ji haushi, kamar ni aka yi wa. Iya ta ce, "Igiya gefe take bi, ɗan nan. Dawa kuwa ba a gefe take fita ba." Ta share tokar, ta ce tatsuniya ta koma inda ta fito, wanda bai gama kasonsa na gyaɗa ba kada ya sa ran wata gobe.

Na girma, na yi karatu, na zama malamin lissafi a wata sakandare a Rano. Darasin nan na faɗin fili na koyar da shi ba adadi, da alli da allo, yara suna kwafa suna hamma. Iya ta daɗe da rasuwa, mahaifiyarmu ma haka. Sannan mahaifinmu ya bi su, ya bar mu mu biyu da gona guda.

Lokacin Hauwa mijinta ya rasu, ta dawo gida da 'ya'ya uku, ba ta da abin dogaro sai abin da za ta noma. Malam Habu, limamin unguwarmu, ya faɗi hukunci a fili: namiji kashi biyu, mace ɗaya. Awo kuma aka bar wa Baffa Idi, ƙanen mahaifinmu, wanda shi yake auna gonaki a garin tun ina ƙarami. Gonar tamu tana da wata kusurwa da ta zarce wajen rafi. Baffa ya ja igiyarsa ya tarar babban ɓangaren igiya biyu ne kowane gefe, kusurwar kuma igiya ɗaya kowane gefe. Ya yi murna ƙwarai. "Allah ya raba muku da kansa," in ji shi. "Biyu da ɗaya."

Dattawa suka ce madalla. Hauwa tana can gefe a ƙarƙashin ɗorawa, don mace ba ta tsoma baki a irin wannan zama. Nan take na ga awon kura ne, amma na yi jinkirin faɗa. Ba tsoron rasa ƙasa ba ne. Baffa ba macuci ba ne, kuma gyara masa awo a gaban sa'o'insa abu ne mai nauyi a wurinmu. In na kawo masa lissafin makaranta, zai ji ɗan boko ya raina shi. In na yi shiru, 'ya'yan Hauwa za su ci daga kashi ɗaya cikin biyar, alhali ɗaya cikin uku ne haƙƙinsu.

Na durƙusa na ce, "Baffa, ina da tambaya. Kusurwar nan, iri nawa take ci?"

"Ta gyaɗa? Tiya ɗaya, in an matsa."

"Babban ɓangaren fa?"

"Huɗu mana, ai ni nake..." Sai ya juya. Ya dubi gonar, ya dubi igiyar da ke hannunsa. Can ya ce, "Innalillahi. Huɗu da ɗaya." Sannan ya tambaye ni a hankali, "Boko ne ya koya maka wannan?"

Na ce, "A'a, Baffa. Iya ce."

Idonsa ya kawo ruwa, don uwarsa ce. "Kura da bushiya," ya ce. "Ni ma ta ba ni ita." Shi da kansa ya tuge turakun iyakar da ya kafa, muka sake awo muna bin kunyoyin gonar ɗaya bayan ɗaya, iyakar Hauwa ta shigo cikin babban ɓangaren sosai. Malam Habu ya yi addu'a. Da muka koma gida Hauwa ba ta yi mini godiya ba, cewa kawai ta yi, "Yaya, ashe ba gyangyaɗi kake yi a bakin wutar nan ba."

Yanzu in zan koyar da faɗin fili, waje nake fita da ɗalibai, da igiya da ƙwaryar tsakuwa, in bar su su yi kuskuren kura da hannunsu. Amma abin da nake yawan juyawa a raina daban ne. Ina yaro na ɗauka kura da gangan ta yi. Yanzu ina zaton ita ma ta yarda biyu da ɗaya ne, domin wanda rabo ya yi wa daɗi ba ya sake awo. Duk shekarun nan, in na tuna tatsuniyar, bushiya nake ɗaukar kaina. Sai ranar da na tsaya a gonar mahaifina na ga a wane gefen igiyar nake.