Ga Abokin Gardamata, Malam To-Sai-Me

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan jiya, bayan la'asar aka kira ni a waya aka ce Allah ya karɓi abinsa. Ina ofishinmu a lokacin, gabana kujerarka mai karyayyen hannu wadda ka hana a canza.

Ɗalibai ne suka laƙaba maka To-Sai-Me, don kowace amsa aka ba ka sai ka gyara tabarau ka ce, "To, sai me?" Tun muna ƙananan malamai muke sashen falsafa ɗaya, ofis ɗaya, fanka ɗaya mai ƙara, amma ba mu taɓa shan inuwa ɗaya a kan mene ne falsafar Afirka ba. Ni na kafe sai an rubuta, an kafa hujja, mutum ya sa sunansa a ƙasa. Kai kuwa ka ce karin magana ƙarshen wata gardama ce da aka manta farkonta, aikinmu mu tono gardamar.

Ba zan yi maka ƙarya kana kabari ba, na yi kishinka, kuma har yau bai sake ni ba. Ni na rubuta littattafai, kai ko ƙasida sai an yi da gaske, amma in aka ƙwanƙwasa ƙofa kai ake nema. Aikina in ce, "Ya fita." Da aka yi mini aikin ido ka riƙe mini ajina ba tare da na roƙa ba, kullum ka biyo asibiti ka karanta mini jarida. Na dawo na tarar ɗalibaina suna yi mini sannu da fuskar waɗanda aka katse wa daɗi.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne 'yata ta fari, wadda ta tsallake ajina ta zaɓi naka. A kan abinci sai "Malam ya ce, Malam ya ce." Na yi ta jiran ranar da za ta ce "Baba ya ce."

Kana da doka a aji: ba mai sukar ra'ayi sai ya fara faɗinsa yadda mai shi zai ce, "Haka nake nufi." Ni na ɗauke ta ɓata lokaci.

Da muke dawowa daga gaisuwa gidanka, a mota, 'yata ta ce, "Baba, ka san wa ya koya mini littafinka? Malam ne. Zango guda ya sa ni ina kare shi. Cewa ya yi kada in kuskura in saɓa wa mahaifina sai na iya maganarsa fiye da shi."

Ta kuwa zayyano mini ita tsaf, har na gangara gefen titi na tsaya. Haka nake nufi. Ka gani? Ko 'yar cikina ta hannunka ta san ni. Wannan ma na yi kishi, na kuma yi kuka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa can ta fi nan. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka da ɗalibanka haƙurin rashinka. Ajinka ni aka ba. Ran Litinin zan shiga in faɗi ra'ayinka iyakar iyawata, kuma babu mai ce mini, "Haka nake nufi."