Zuwa Gyaɗi-Gyaɗi Ɗauko Habu

Daga Birnin Kudu zuwa Wudil

Ana sallame sallar asuba na rataya jakata na nufi tasha, gari bai waye ba, ko fuskar mutum ba a ganewa. Inna ce ta aike ni Kano in ɗauko ƙanena Habu. Marigayi mahaifinmu magini ne, ya bar mana zanen dagi a goshin zaurenmu, kuma kowace bazara sai an sabunta yaɓensa da makuba kafin ruwa ya sauka. Baba kan gama aiki ya danna babban yatsansa a tsakiyar dagin tun ƙasa tana ɗanya, alamar hannunsa ke nan. Ni tela ne, hannuna na allura ne, Habu kaɗai ya gaji aikin. Ga shi ya tafi koyon zanen zamani, bara ba a taɓa bangon ba, bana ya fara tsagewa. Inna kuwa ta rantse baƙon hannu ba zai hau shi ba.

Motar Ɗanladi na samu, babbar mota mai jikin katako. Da yake ni nake yi masa ɗinki, ya sa ni gaba kusa da shi, na shiga a duhu ban ko zagaya ta ba. Hantsi ya dubi ludayi muna gadar Wudil. 'Yan doka suka tsayar da mu, suka leƙa kaya, ɗaya ya zagaya baya ya daɗe, ya dawo yana cewa, "Direba, motar nan ta yi ado." Ban kula ba, hankalina yana kan soyayyen kifin da wata tsohuwa ke miƙo mini ta taga.

"Malam Sule, Habu za ka ɗauko?" in ji Ɗanladi.

"Ko da igiya," na ce.

Ya yi dariya har ya buga sitiyari.

Tarauni

Bayan azahar muka wuce Hotoro, na sauka a Tarauni. Ƙauye ne da gonakinsa, amma hayaƙin jirgin ƙasa da ƙarar motoci sun riga sun iso shi. Na kwana gidan Malam Isa magini, abokin Baba tun suna samari. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, muna ci yana ba ni labarin sana'a.

"Sule, masu kuɗin yanzu siminti suke so da kwano," ya ce. "Bangon siminti kuwa ba ya karɓar yatsa. Mai kanti allo yake nema mai launi, mai mota haka, mai burodi haka. Adon da muke yi wa gida, yanzu kasuwa ake yi wa shi."

Na ce ai wannan ba gado ba ne. Ya dube ni ya ce in je in gani tukuna, sannan ya turo mini kwanon tuwon.

Gyaɗi-Gyaɗi

Da safe na bi hanyar gona da ƙafa har Gyaɗi-Gyaɗi, bakin titin Zariya. Makarantar da Habu yake koyon zanen rumfar kwano ce doguwa, warin fenti ya riga ni sallama. Na zaci zan tarar da shashanci. Sai na ga magidanta da samari zaune shiru kan benci, an ajiye musu tulu a kan tebur, kowa yana zana shi da fensir. Tulun da muke da irinsa a gida ba mai kallonsa, ga shi nan ana zuba masa ido kamar amarya. A jikin bango an jingine alluna na kantin yadi da na mai aski da na mai sayar da magani, masu su suna jira a inuwa.

Mai makarantar wani Bayarabe ne Kirista, Mista Ojo, wanda ya koyi zane a Ikko. Hausarsa ta fita sarai. Da ya ji ni wan Habu ne sai ya jawo mini kujera.

"Ɗan'uwanka ya ba ni wahala," ya ce. "Duk allon da ya gama, fenti bai bushe ba sai in ga tabo a tsakiya. Na sa shi ya goge, na yi faɗa, na ce ƙazanta ce. Ashe yatsa yake dannawa, bai ma san yana yi ba. Da na tambaye shi ya ce haka ake rufe aiki a gidanku. Daga ranar na ƙyale shi."

Na ɗaure fuska, don ga Habu ya taho hannu duk shuɗi. Ya durƙusa ya gaishe ni, muka koma gindin wata darbejiya. Na faɗa masa saƙon Inna ban rage komai ba.

"Yaya, in na tafi yanzu gurbina ya tafi," ya ce. "Sai bayan damina za mu gama, kuma akwai masu buga littattafai da suka ce za su ɗauke ni."

"Kafin nan ruwa ya cinye dagin Baba."

"Na sani. Ko na gyara bana, baɗi fa? In zauna ina gadin bango ɗaya, ba mai kira na aiki?"

Na yi fushi, na faɗi maganganu. Ya sunkuyar da kai har na gaji. Sannan ya ɗago ya ce, "Yaya, wace mota ka hau?" Na ce ta Ɗanladi. Ya ce, "In za ka koma, don Allah ka zagaya bayanta."

Na ƙara kwana Tarauni. Tunani ɗaya ya hana ni sakewa: ni da na zo da igiya, ban taɓa zama na koyi aikin Baba ba, ina gani ai akwai Habu.

Komawa gida

Da hantsi motar ta tsaya mini a bakin hanya. Na zagaya baya. Dagin zaurenmu ne, kowane lanƙwasa a wurinsa, da shuɗi da ja da fari, ga yatsa a tsakiya. Ashe a kansa na zo Kano ina ta cika baki. Na tsaya har fasinjoji suka fara tsaki. A hanya Ɗanladi ya ce motar ta kai shi Jos, ta kai shi Nguru, kuma duk inda ya tsaya sai an tambayi wanda ya zana.

La'asar sakaliya muka shiga gari, hadari yana haɗuwa a gabas. Na roƙi Ɗanladi ya bi ta ƙofar gidanmu. Inna ta fito zaure, ta leƙa gaban mota, ta ga ni kaɗai na sauko.

"Ina yake?"

Na kama hannunta na kai ta bayan motar. Ta daɗe tana kallo. Ta shafa katakon, ta ce ba shi da tudu irin na bango. Sannan ta ɗora babban yatsanta a kan na Habu.

"Na ubansa ya fi faɗi," ta ce. Can kuma ta ce, "Ruwa yana wanke wannan?"

Ɗanladi ya ce, "Ba ya wankewa, Inna."

Ta gyaɗa kai ta koma ciki, ba ta sake tambayar Habu ba. Daminar ba ta yi nisa ba goshin zauren ya zube, na kwashe ƙasar da hannuna, na yi kuka ban ɓoye ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Isa da tuwonsa, da Mista Ojo da ya daina sa a goge. Godiya ta musamman ga Ɗanladi, wanda duk ranar da zai tafi Kano yakan bi ta layinmu ya rage gudu, don ya san Inna tana zaune a bakin zaure.