Milimita Huɗu a Takanamat

Shekara ashirin da uku Dodo ya yi yana karanta ma'aunin ruwan sama a Takanamat. Yakan ce iska mai zafi ke tashi daga ƙasa, tana hawa tana hucewa, har damshinta ya dunƙule ya zama girgije. In ta iske ɗumi a sama, nan hawan ke tsayawa.

Bara ƙanwarsa Saratu, wadda mijinta ya rasu, ta zo da tiya tara ta irin hatsi, iyakar abin da ya rage mata.

"Yaya, in binne?"

Kwana uku ke nan hadari na haɗowa gabas. Dodo ya ce: "Binne, ke dai! Wannan ba ya fasawa."

Ta shuke duka a busasshiyar ƙasa. Washegari da la'asar hadarin ya taso, sai kansa ya baje, aka yi yayyafi. Milimita huɗu. Ya isa iri ya tsiro, bai isa ya raya shi ba. Kwana goma sha tara ba ɗigo.

Saratu ta tafi Tahoua aikatau. Har yau Dodo na duba ma'auninsa kowace safiya, amma in aka tambaye shi batun hadari, sai ya ce bai sani ba.