Ranar da Baba Tankari Ya Shimfiɗa wa Bahago Tabarma

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a Dogon Dutsi ranar Asabar bayan la'asar ya san Baba Tankari ba ya kallon tele da kai a buɗe. Sai ya wanke fuska, ya sa hularsa ta Juma'a, ya ɗage zanen da yake rufe telen da shi, ya ce, "Salamu alaikum, masu gida." Sa'an nan ya zauna. Tsohon dillalin awaki, furfura har gira, ga shi gaban wasan zane na yara a tele! In na yi murmushi ya ce, "Ke haka kika shiga gidan mutane, ba sallama?"

Surukina ne, uban maigidana. Maigidan ya kama hanyar Aljeriya tun ɗiyarmu Rakiya tana goye. Waɗanda suka tafi tare sun komo sun ce mota ta mutu cikin hamada, ya bi wasu neman ruwa, ba a sake ganinsu ba. Baba ya ce, "Wa ya ga gawa?" Ba wanda ya gani. Sai ya hana zaman makoki. Ni kuma na zauna, ni ba mai miji ba, ni ba mai takaba ba, har Rakiya ta shiga makarantar lise. Yayyena sun sha zuwa daga Ɗan Kassari a kan maganar. Ya dafa musu shayi, ya tambaye su hatsin bana, ya raka su bakin hanya.

Abin da yake kallo wasan dariya ne na zane, labarin wani ɗan leƙen asiri sakarai mai baƙar kwat. Kullum shi ke ɓata aiki, wata abokiyar aikinsa mai jan gashi tana gyarawa. Baba ba ya jin Faransanci ko kalma. Ya ga mutumin yana harbi da hagu, ya raɗa masa Bahago, har samarin unguwa da ke zuwa kallo suka manta sunan gaskiya.

Shi ba ya kallo shiru. "Bayanka, ɗan nema! Ga shi nan da wuƙa!" In Bahago ya waiwaya, sai Baba ya dube mu ɗaya ɗaya. "Kun gani? Da ban hwaɗa mishi ba, da an gama da shi."

Rakiya ta ce, "Kaka, ai tun ƙasarsu aka zana shi yana waiwaye."

"To, amarya, wa ya hwaɗa ma mai zanen?"

Ga tsimi! Pano ɗaya na hasken rana gare mu da batiri ɗaya. Daga Alhamis ba mai caja waya, ba mai kunna fitila, wai ana tara wa Bahago wuta. Rannan ya ga batirin ya yi ƙasa, sai ya kashe muryar telen gaba ɗaya. Zabeiru mai gyaran moto, shugaban 'yan kallo, ya dafa kai.

"Haba Baba, don Allah! Yanzu ne za ya hwaɗi sirrin!"

"Faransancin nan shi ka shan batiri. Ba ka ji yadda suka tauna shi ba? Ku zamna, ni in hwaɗa muku abin da ya ce."

Ya kuwa faɗa. A bakin Baba, Bahago ya tsare shugaban 'yan ta'adda yana tambayarsa dalilin da ya sayar masa da akuya mai tari.

Sai aka zo kashi na ƙarshe na shekarar. Jirgin Bahago ya kama wuta ya faɗa teku. Aka nuna mai jan gashi tsaye bakin ruwa, iska na kaɗa rigarta, sai rubutu ya hau. Shi ke nan.

Tsakar gida ta kaure. Ina gefe ina tankaɗe, ina jin su.

"Wallahi sun cuce mu!" in ji Zabeiru. "Se pa posibil! Ba shi yiwuwa! Haka aka ƙare abu?"

Wani ya ce masu zanen sun gaji ne, dabara ta ƙare musu. Wani ya ce ya gani a waya duniya duk ta yi ca, wasu har sun rantse ba su sake kallo. Rakiya ta ce gara haka, a ba matar ragamar aikin, ai da ma ita ce mai hankali. Zabeiru ya ce in babu Bahago wa za a yi wa dariya, ita da ba ta taɓa faɗawa rami ba? Duk suka juya wajen Baba, don sun san maganarsa. An taɓa jefo Bahago daga bene, an taɓa kulle shi da kada, kullum Baba ya ce yana nan tafe.

Bai faɗa ba. Ya ce, "Yaushe a ka ci gaba?"

"Sai sabuwar sezon, sabon zagayen wasan, Baba. Baɗi, ko baɗin baɗaɗa. An ce ma wataƙila ba a yi."

"Ita fa?"

"Wa?"

"Yarinyar. Nan za su bar ta tsaye bakin ruwa har sa'an nan?"

Suka fashe da dariya. Zabeiru ya ce, "Ai zane ce, Baba, ƙahwa ba ta yi mata ciwo." Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni, abin da ba ya yi, ni kuma na sunkuyar da kai cikin rariya. Ya tashi ya rufe telen, bai ko yi wa masu gidan sai an jima ba.

Da safe na ji ana jan tabarmi. Ya shimfiɗa su ƙofar gida, ya aje buta da kwanon goro, ya zauna da casbi. Kun san abin da tabarma a ƙofa take nufi a garin nan. Kafin hantsi mutane sun cika. Malam Illa tela ya baro keke ya zo da zare a wuya.

"Tankari, wa aka rasa?"

"Ruwa ya ci Bahago."

"Inna lillahi! Bahago na Sukukutane, mai raƙuma?"

"A'a. Na cikin tele."

Wayyo Allah! Wasu suka toshe baki da hannun riga, wata tsohuwa da ta riga ta fara kuka ta rasa yadda za ta tsaya. Liman ya zo ransa a ɓace.

"Tankari, ka girma da wanga wasa. Ba a yi ma zane fatiha."

Baba ya ce, "Na sani, Malam. Da na aika an kira ku don ɗayan, da bakina bai iya ba. Tunda kun zo, ku zamna."

Sai ya kira sunan ɗansa. Ɗan fari ne, tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa jin sunan a bakin Baba, sai "yaron nan". Rannan ya faɗe shi cikakke, a gaban jama'a, ya ce a yi masa addu'a. Ina bayan ƙyaure da tulu a hannu. Ban san sa'ar da na aje shi ba.

Da aka watse ya tsaya daga bakin zaure, bai shigo ba. Ya ce, "Uwar Rakiya, ki shiga takaba. In kin hita, gidanga naki ne, hanya ma taki ce. Na tsaishe ki da yawa."

Na ce, "To, Baba." Abin da na iya ke nan.

Bai sake ɗage zanen telen ba. Samari suka koma kallo shagon Zabeiru. Na fita takaba da kaka, shi kuma ya kwanta dama kafin azumi, ciwon kwana kaɗan. Shekaran jiya Rakiya ta shigo tana jan ƙafa, ta ce an soma sabuwar sezon, wai masunta sun tsamo Bahago da ransa, yana ta atishawa. Ta tsaya tana kallona, ta rasa ko ta yi dariya. Na ce ta yi abinta, ai da kakanta na nan, da ya fi kowa dariya.

Allah ya jiƙan Baba Tankari, ya haskaka kabarinsa. Shi mun san inda yake kwance, muna zuwa. Allah ya jiƙan wanda ba mu san inda yake ba, ya sada su da juna cikin rahama. Amin.