Tsoho da Cikon Haƙorina

Yau da safe na kurɓi ruwan randa, haƙorina na matauni ya tsira mani har cikin kunne. Tun lokacin na kasa zama, sai zagaya gida nake ina tuna kakana.

Shi tsohon, Allah ya jiƙan shi, in ya yaɓe bakin rumbu sai ya bi gefen da babban yatsa a hankali. Yakan ce ƙwaro ba ya shiga ta tsakiya, gefe yake lallaɓowa.

Ranar da na dawo Runka daga Katsina da sabon ciko a haƙorin nan, ina ta taƙama, ya ce, "Buɗe bakin in gani, ja'iri." Ya tura mani yatsa mai warin goro da laka, ya shafa gefen cikon.

Na ce, "Tsoho, kai da haƙoranka suka yi gudun hijira, me ka sani?"

Ya yi dariya, dasashi a waje. "Shi ya sa na sani. Likitan me ya ce?"

"Wai in na ji sanyi yana ratsawa in koma, ƙwayoyin cuta sun samu kafa ke nan."

"To, ka koma."

Ga shi yau sanyin ya ratsa. Inna ta ce hanya ba lafiya, in haƙura da kanumfari. Ni kuwa tsoro nake kada a kai ga cirewa, gobe zan hau mashin in koma wurin likitan.

Tsoho, Allah ya liƙe kabarinka ta kowane gefe, kada komai ya ratsa sai sanyin Aljanna.