Ranar da Kaka ta sa safar hannu

Har yau idan na ji warin javel, wannan ruwan kashe ƙwayoyin cuta, sai daminar kwalara a unguwarmu ta New Bell ta faɗo mini. Ina 'yar firamare lokacin. Ruwan sama ya yi kwanaki bai ɗauke ba, kwatoci suka cika suka malala cikin rijiyoyi, sai amai da gudawa suka shiga gida-gida.

Kakata ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. 'Yarta kuma, Gwaggona, nas ce a asibitin da aka keɓe masu cutar. In ta dawo, a bakin ƙofa take tuɓe takalmi, ta wanke hannu har gwiwa kafin ta taɓa kowa. Duk da haka maƙwabta suka daina cin abincin gidanmu. Ana ta raɗe-raɗin cewa a asibiti cusa mamaci ake yi cikin leda, ba wanka ba sutura. Saboda wannan tsoron mutane suka riƙa ɓoye marasa lafiya a ɗaki har rai ya fita.

Sai cutar ta ɗauke aminiyar Kaka, wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin layinmu. A asibiti ta cika. Da hantsi Kaka ta aika aka sayo farin yadin likkafani a kasuwar Marché Congo, ta ɗauki mayafinta.

Gwaggo ta tare ƙofa. “Inna, ba za a ba ki ita ba. Gawar tana ɗauke da cutar.”

“Mun yi alkawari. Wadda ta rage ita za ta wanke 'yar uwarta.”

Idon Gwaggo ya ciko. Can ta ce, “To zo mu je. Amma abin da na ce shi za ki yi.”

Daga baya Gwaggo ta ba ni labarin abin da ya faru. Da ƙyar likita ya yarda. Aka sa wa Kaka safar hannu ta roba da dogon takalmi, aka tsayar da ita wajen kan gawar. Gwaggo da wata abokiyar aikinta Kirista su suka yi wankan da ruwan magani, Kaka tana faɗa musu a hankali: a fara da dama, a rufe mata jiki, a sassauta hannu. Gwaggo ta ce ta shirya gawarwaki da yawa a makonnin nan, amma sai ran nan hankalinta ya kwanta.

Da la'asar mata suka cika tsakar gidanmu. Kaka ta ce, “Da idona na gani. An suturta ta kamar yadda zan so a yi mini.” Washegari gida biyu suka fito da marasa lafiyarsu, kuma duk sun rayu.

Yanzu an kawo famfo layinmu, Kaka ta daɗe da rasuwa, Gwaggo ta yi ritaya. 'Yata ce ke karatun nas. Ranar da za ta fara shiga ɗakin ajiye gawa ta zo a tsorace, Gwaggo ta zaunar da ita kusa da ita.

“Ki kare kanki da kyau,” ta ce. “Sannan ki yi wa gawa sallama kafin ki taɓa ta. 'Yar wasu ce.”