Ramin Juyen Baƙin Mai

Baba Inci ake ce masa a layinsu, kuma sunan ya zauna masa daram. Kafinta ne tun yana saurayi, shekara arba'in da 'yan kai yana yanka katako, kuma ba a taɓa ganinsa ba tef ɗin awo a aljihun gaban rigarsa ba. In ka ce masa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai ya ce maka masu wannan maganar su ne ƙofofinsu ke gogar ƙasa. Tebur, gado, taga, kai har tsawon jikokinsa, duk yana da su a rubuce da fensir a jikin bangon shago.

Bayan iyalinsa, abin da ya fi so a duniya wata tsohuwar akori-kura ce shuɗiya, wadda ta girmi autarsa da shekara tara. Da ita ya yi jigilar katako har ya aurar da 'ya'ya biyar. Fentinta ya koɗe, ƙofar direba sai an ɗaga ta sama kaɗan take rufuwa, amma injin lafiya lau, bugu ɗaya take tashi. Kujerar gefensa kuwa ta Inna ce, matarsa. Shekara talatin tana zama a wurin da jakarta a cinya, tana gaya masa ya rage gudu ko da a tsaye suke.

Inna 'yar gajeriya ce, mai kuzari, mai baki. Abu ɗaya ne ba a yi mata wasa da shi: tsufa. Gwiwarta ta dama ta fara ciwo shekara uku da suka wuce, amma in ka tambaye ta sai ta ce sanyi ne ya ɗan taɓa ta. Babban ɗansu ya taɓa kawo mata sanda mai kyau, ta yi godiya, ta sa ta tokare ƙofar kicin.

To, Auta ta yi aure can bayan gari, tafiyar awa ɗaya da rabi, kuma rabin hanyar ba kwalta. Damina biyu suka cinye ta, ruwa ya yanka kwazazzabai, ga tudu a tsakiya kamar ƙashin bayan jaki. Zuwansu na ƙarshe cikin motar ya hau tudun ya zauna, tayoyin baya suna ta juyawa a banza. Awa huɗu Inna ta yi a rana kafin wata tarakta ta zo ta ja su. Tun daga nan ba su koma ba, wata bakwai ke nan. Yaron Auta ya yi rarrafe, ya miƙe, ya fara takawa, duk a waya Inna take jin labari. Ba ta taɓa cewa komai ba, amma in ta ajiye wayar takan daɗe tana goge tiren da ba shi da datti. Wannan goge tiren yana cin ran Baba Inci fiye da faɗa.

Maganin abin dai manyan tayoyi ne, su ɗaga cikin motar daga ƙasa. Sai dai manyan tayoyi ba za su shiga ba, za su riƙa gogar madigadi. Dole sai an raba bodi da shasi, wato ƙashin ƙarfen da motar take zaune a kai, a cusa wani abu a tsakani ya ɗaga bodin inci uku.

Ya kai maganar wurin Bakanike, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda garejinsa ke ƙarshen layi.

"Da me za ka ɗaga ta?" in ji Bakanike.

"Ina da wani katako mai taurin tsiya."

"Ka ji kafinta. Ku ko haƙori aka kawo muku da katako za ku cike shi. Wata uku ya tsage, bodi ya bi gabas, kai da shasi ku bi yamma."

Baba Inci ya ji haushi, amma ya san gaskiya ce. Ya je kasuwar 'yan gwangwan ya zaɓo bututun ƙarfe mai kauri, ya yanka shi gida takwas, inci uku-uku, ya auna kowanne sau biyu, ɗaya ya zarce da kaurin farce ya sa aka goge shi. Mai walda ya liƙa wa kowane guntu faifan ƙarfe sama da ƙasa. Ya yanko roba daga tsohuwar tayar babbar mota don shimfiɗa, kada ƙarfe ya riƙa cizon ƙarfe. Ya samo dogayen kusoshi masu noti guda takwas.

Kwana shida suka yi a ƙofar gida, tsofaffi biyu a ƙarƙashin mota suna musu. Suka sassauta notunan duka, suka cire na ɓari ɗaya, suka sa jak da guntun katako suka ɗaga a hankali, Baba Inci yana leƙe yana cewa "tsaya" duk bayan rabin inci. Bodin ya yi ƙara kamar tsoho zai tashi daga tabarma. Suka zura guntaye huɗu, suka koma ɗaya ɓarin. Noti ɗaya ya yi tsatsa ya ƙi motsi, suka jiƙa shi da mai ya kwana, da safe Bakanike ya ce wuta, Baba Inci ya ce haƙuri, ƙarshe dai wutar ce ta fitar da shi.

Ɗagawar ma ita ce mai sauƙi. Duk abin da ya haɗa sama da ƙasa sai da ya nemi ƙari, kuma a nan Baba Inci ya nuna shi ɗan awo ne. Ya rubuta su a bayan kwali tun kafin a taɓa sifana: sandar sitiyari, tiyon burki, tiyon tankin mai, wayar batir, sandar giya da za ta nutse cikin ƙasan mota, lagireto da zai tashi ya bar fanka a ƙasa, da sauransu. Goma sha ɗaya cif. Ɗaya bayan ɗaya suka ƙara musu tsawo, yana sokewa da fensir. Inna tana kawo musu ruwan sanyi, tana cewa ita dai a bar mata kujerarta yadda take.

Ranar da aka ɗaura sababbin tayoyin, motar ta tashi inci biyar daga inda take da. 'Yan layi suka fito kallo. Baba Inci ya zagaya ta sau uku, hannu a baya, bakin nan ya ƙi rufuwa. Ya kai ta filin bayan makaranta ya hau tudun ƙasa ya sauka, ko gezau.

"Gobe sai gidan Auta," ya ce wa Inna.

Da safe ta fito da kwalliyarta da jakar tsaraba. Ya riga ya shiga ya tayar da inji. Ta buɗe ƙofa, ta kama hannun sama, ta ɗaga ƙafa. Ƙafar ta tsaya a hanya. Ta sauke, ta gyara zane, ta gwada da ta hagu, sai ta dama ta ƙi ɗaukar nauyinta. Matan maƙwabta biyu suna bakin famfo suna kallo. Inna ta saki ƙofar, ta dafa goshi.

"Malam, kaina ke sarawa tun asuba. A bari sai wani satin."

Ta juya ta shige gida. Baba Inci ya kashe inji ya zauna, hannu a kan sitiyari. Abu goma sha ɗaya ya auna, bai auna gwiwar matarsa ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba a kan wani aiki, don saboda ita aka yi wahalar nan duka, ga shi ya mayar da motar ta fi ƙarfinta.

Da yamma ya kawo maganar matakala, a fakaice. Ya ce yana ganin ana yi wa motoci ɗan wurin taka ƙafa, don ado.

"Ado ko?" in ji Inna, ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba. "Ai sai ka haɗa da keken guragu, adon ya cika. Na ce maka kaina ne."

Ya san ta. In ya sa matakala yau, ta daina shiga motar har abada. In ya ajiye mata kujera ta taka, ya fi muni. In ya mayar da motar ƙasa kuma, hanyar Auta ta rufe. Kwana biyu yana zagaya akori-kurar da tef a hannu ba abin da yake aunawa.

Rana ta uku Bakanike yana wucewa ya tarar da shi da diga da shebur a ƙofar gida. Ya ja layi biyu da igiya daidai faɗin tayoyin, yana haƙa dogayen ramuka biyu masu gangara a bakinsu, yana zura tef yana dubawa.

"Wannan kuma fa?"

"Ramin juye. Don canja baƙin mai."

Bakanike ya dubi ramukan, ya dubi abokinsa. "Ramin juye a tsakiya ake haƙa shi, mutum ya shiga ƙarƙashi. Wannan ai sauke motar zai yi, ko kyanwa ba za ta..." Sai ya hango Inna ta taga tana ninke kaya. Ya yi tari. "Af, sabon yayi ne. Na ga ana yinsa yanzu. Ba ni shebur ɗin nan, haƙarka ta kafintoci ce."

Suka daɓe ramukan da fasassun bulo da siminti, suka yi musu 'yar hanyar ruwa. Kafin simintin ya bushe Baba Inci ya zagaya bayan shago ya kira mijin Auta, ya ba shi awo dalla-dalla, ya sa shi ya maimaita sau biyu.

Ranar Asabar motar tana zaune a cikin raminta. Inna ta fito, ta tsaya, ta dubi tayoyin da suka nutse. Matar da ta yi shekara talatin tana riƙe masa tocila in yana juye, ta san inda baƙin mai yake fita. Ta kama hannun sama, ta ɗaga ƙafa, ta shige kamar kullum, ta ɗora jaka a cinya.

"Ka rage gudu," ta ce. Ko giya bai sa ba.

Motar ta bi kwazazzaban nan tana rangaji, tudun da ya riƙe su wancan karon ya wuce ta ƙarƙashinsu bai ko shafe ta ba. A ƙofar gidan Auta ga sababbin ramuka biyu, jar ƙasarsu a tare a gefe. Baba Inci ya saita taya ya gangara ciki. Inna ta buɗe ƙofa ta zuro ƙafa, ta sami ƙasa daidai inda take tsammani. Mijin Auta, wanda abin hawansa keke ne, ya durƙusa yana gaishe ta.

"Ashe ku ma nan kuna juye," ta ce masa.

"Muna ɗan taɓawa, Inna," ya ce, kansa a ƙasa.

Sai ga yaron ya fito daga zaure yana tangaɗi, hannu biyu a sama, Auta na biye da shi. Inna ta sunkuya ta sure shi, ta daɗe ba ta ɗago fuskarta daga wuyansa ba. Baba Inci ya tsaya jikin mota yana murza tef a aljihu, ransa fari ƙal.

Za ta shiga gida, sai ta tsaya kusa da shi, ta rage murya yadda ba mai ji sai shi.

"Inci nawa ne zurfin?"

"Biyar."

Ta gyara wa yaron zama a kafaɗa. "Baɗi ka ƙara ɗaya."